LAFIYAR IYALI: Ƙwayar da Ba a Jin Aikinta a Jiki

 Da ma niyyarmu a wannan wata mu yi magana a kan tarin da ƙura ke kawo wa yara, amma wani abu ya faru a cikin danginmu, muna kuwa da hannu a ciki. Saboda haka muka ga ya kamata mu ajiye waccan magana tukuna.

Muna da kawu, ƙanen mahaifiyarmu, a wani ƙauye tsakanin Dutse da Kiyawa. Ya ba shekara 70 baya, amma har bara shi ke noma gonarsa da hannunsa. Da farkon damina ya fara kuka da haki da faɗuwar gaba, in ya nome kunya biyu sai ya nemi gindin itace. Muka kawo shi asibiti. Likita ya riƙe wuyan hannunsa, ya sa aka manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana layi a takarda. Aka ce zuciyarsa ba ta bugawa daidai, aka rubuta AF a katinsa. Aka ba shi magani iri biyu, ɗaya na rage gudun zuciya, ɗaya kuma wata 'yar ƙwaya mai suna warfarin, wadda mutane ke ce wa maganin tsinka jini. Aka ce ya sha kullum da yamma, ya kuma riƙa zuwa awon jini.

Ya yi wata huɗu yana sha. Da kaka muka je gaishe shi, muka same shi a gona yana ɗaurin gero kamar saurayi. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, 'yar ƙwayar nan fa ta ƙare tun makon jiya. Ni kuwa na ji garau. Ga kuɗin mota, ga kuɗin awo, ga amfani a gona yana jira. Ko lalle sai na koma?" Shi mu ke karanta wa katin asibiti, mu ne 'yan boko a gidan, maganarmu ya ke jira. Muka dube shi, muka ga ba haki, ba kumburin ƙafa. Muka ce, "To, Kawu, tun da ka ji sauƙi, bari a gama girbi mu gani."

Ana saura kwana tara Kirsimeti, da sassafe, matarsa ta miƙa masa koko, kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai yi magana, bakin ya karkace, maganar ta sarƙe. Maƙwabta suka ce iska ce ta buge shi. Kafin a sami mota rana ta yi tsaka. A asibiti likita ya duba katin, ya ɗaga kai ya ce, "Yaushe Baba ya bar shan maganinsa? Wa ya ce ya bari?" Ba wanda ya amsa. Daga baya likitan ya ce mana, ko da yana sha, ba wanda zai iya rantsewa abin ba zai faru ba. Amma mun cire masa garkuwa a daidai lokacin da ya ke bukatarta.

Tun daga ran nan muka shiga tambaya da karatu, abin da ya kamata mu yi tun da fari. Ga abin da muka samo.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa, tsakaninsu kuma akwai ƙyaure mai buɗewa gefe guda domin kada jini ya koma baya. Na sama su ke karɓar jini su tura wa na ƙasa, na ƙasa kuma su harba shi zuwa huhu da sauran jiki. In lafiya lau ne suna aiki bi da bi kamar mata masu lugude, wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in mutum yana zaune. A ciwon Kawu, ɗakunan sama sun bar daka, sai karkarwa kawai su ke yi. Na ƙasa kuma suna bugawa yadda ta zo, wani bugu kusa da wani, wani nesa. Kowa yana iya jin wannan da kansa: sa yatsa biyu a wuyan hannu ƙarƙashin babban yatsa, ka saurara minti ɗaya cur. In bugun ya zama kamar kiɗan ɗan koyo, ba tsari, a je a yi awo. Tsufa yana kawo shi, hawan jini yana kawo shi, haka kuma lalacewar ƙyauren zuciya.

To, haki da faɗuwar gaba su ne abin da mai ciwo ke ji, amma ba su ne babban haɗarin ba. A ɗakin sama na hagu akwai wani ɗan lungu kamar aljihu. In ɗakin bai matse sosai ba, jini yakan kwanta a aljihun nan, jinin da ya kwanta kuwa yakan yi guda, kamar kunun da aka bari a ƙwarya. Wata rana gudan ya ɓalle, ya bi babbar jijiya, ya je ya toshe hanyar jini a ƙwaƙwalwa. Shi ke nan, ɓarin jiki ya shanye. Masana sun ƙiyasta mai wannan ciwo ya fi wanda ba shi da shi haɗarin shanyewar ɓarin jiki wajen sau biyar. Warfarin kuwa, in an sha shi daidai, yana rage wannan haɗari wajen kashi biyu cikin uku. Ba kowane mai AF ne a ke ba shi ba. Likita yana lissafi da shekarun mutum, da hawan jini, da ciwon sukari, da kasalar zuciya, da ko ɓarin jiki ya taɓa shanyewa, kāna ya yanke shawara.

A nan ne muka yi tuntuɓe, mu da Kawu. Mun saba da maganin da a ke jin aikinsa. Ka sha na zazzaɓi, zufa ta karyo, ka san ya yi. Ka sha na ciwon kai, kai ya sake. Wannan kuwa ba ya rage haki, ba ya gyara bugun zuciya, ba ya ƙara ƙarfi. Sauƙin da Kawu ya ji daga ɗaya maganin ne, na rage gudun zuciya. Warfarin aikinsa kamar na mai gadi ne, in ya yi aikinsa sosai sai a wayi gari ba abin da ya faru, mai gida kuma ya fara tunanin albashin da ya ke biya asara ne. Ɗakin zuciyar nan yana nan yana karkarwarsa ko mutum yana ɗaurin gero ko yana kwance. Shi ya sa yawancin masu shansa za su sha shi ne muddin ransu.

Sunan ma da muka ba shi yana tsorata mutane. Mu da ke neman maganin ƙarin jini, wa zai so a tsinka masa nasa? Gaskiyar magana ita ce ba ya mai da jini ruwa, ba ya kuma rage yawansa. Jinkirta daskarewarsa kawai ya ke yi. Akwai kuma wata magana da ke yawo, wai maganin ɓera ne. Wannan kam tana da tushe, gara kuma ku ji ta a nan da ku ji ta a bakin kasuwa. A shekarun 1920, a arewacin Amurka da Kanada, shanu suka yi ta mutuwa da zubar jini. Ko dandaƙa aka yi wa sa, ko ƙaho aka yanke masa, jini ba ya tsayawa. Wani likitan dabbobi, Frank Schofield, ya gano wata irin harawa ce da ta yi funfuna ke jawo abin. A 1933 wani manomi ya ɗauki gwangwanin jinin saniyarsa da ya ƙi daskarewa ya kai Jami'ar Wiskonsin, ya faɗa hannun wani masani, Karl Link. Shi da ɗalibansa suka yi wajen shekara shida kafin su ware abin da ke cikin harawar. Daga shi aka ƙero warfarin, aka fara sayar da shi a 1948 domin kashe ɓera. A 1954 aka yarda a ba mutane, a 1955 kuma aka ba shugaban Amurka, Eisenhower, bayan ciwon zuciya ya buge shi. Ɓera ana ɗura masa ne ba awo har jini ya ƙare masa. Mutum kuwa ana auna masa daidai gwargwado, an kuwa yi shekara 70 ana haka.

Awon nan shi ne rabin maganin. Ana ɗibar jini kaɗan a ga tsawon lokacin da ya ke ɗauka kafin ya daskare, a rubuta lamba da a ke kira INR. Wanda ba ya shan magani lambarsa wajen 1 ce. Mai AF ana so tasa ta zauna tsakanin 2 da 3. In ta yi ƙasa da 2, kāriya ta ragu. In ta haura sosai, jini na iya ɓallewa a ciki ko a ƙwaƙwalwa. Da fari akan yi awon kusa da kusa, in lamba ta zauna sai a koma wata wata ko yadda likita ya tsara. Wani miligiram 3 ya ishe shi, wani sai 7, ko da shekarunsu ɗaya, girman jikinsu ɗaya. Saboda haka ba a ara wa juna, ba a kuma dogara ga launin ƙwaya, gama launin ya danganta ga kamfanin da ya yi ta. Lambar da ke jikin kwalin ita za a duba duk lokacin da aka sayo sabo.

Ba mu kaɗai ne awon ke gagara ba. A 2015 aka buga sakamakon wani bincike mai suna REMEDY, wanda aka yi a kan mutum 3,343 masu ciwon ƙyauren zuciya a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, har da asibitocin Nijeriya. Cikin waɗanda ke bukatar wannan kāriya, waɗanda awonsu ya zauna daidai ba su kai uku cikin goma ba. Mu a nan, manyan asibitocin da a kan dosa su ne Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da asibitin tarayya na Birnin Kudu, in abu ya yi tsanani kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tafiyar kamar awa biyu a mota. Ran da aka rubuta maganin, ran nan za a tambayi likita: ina ne wuri mafi kusa da za a yi wannan awo, yaushe za a dawo, wa kuma zai duba sakamakon ya faɗi yawan da za a sha? Takardar awo da ta kwana a aljihu ba wanda ya karanta ba ta amfani kowa ba.

Yanzu mu juya wajen iyayenmu mata, gama tukunyar miya tana da hannu a wannan magana. Hanta tana amfani da bitamin K wajen yin abubuwan da ke daskarar da jini, warfarin kuwa hanyar bitamin ɗin ya ke tarewa. Bitamin K yana da yawa a ganye, irin su zogale, alayyafo, rama, lalo, kabeji da latas. In mutum ya yi mako guda yana cin kwaɗon zogale safe da yamma, maganin zai yi rauni. In kuma ya saba ci ya bari farat ɗaya, maganin zai yi ƙarfi fiye da kima. Mun ji gidan da aka hana tsoho miyar ganye gaba ɗaya, ya koma tuwo da miyar ruwa, ya rame a banza. Ba haka a ke so ba. A ci yadda aka saba, kada a ƙara da yawa, kada a yanke, likita zai daidaita ƙwayar bisa ga cimar mutum. Sai dai mu tuna cimarmu tana bin shekara. Da damina ganye ko'ina, tafasa da rama har a bakin hanya, da rani kuwa sai busasshe. In lokaci ya juya, ya kamata a matso da ranar awo. Garin zogale da a ke sha da cokali da sunan magani, a faɗa wa likita kafin a fara. Giya da burkutu kuma suna rikita awon, ga faɗuwa da su ke jawowa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne kemis. Mutuminmu in ciki ya murɗa sai ya aiki yaro ya sayo Flagyl. In tari ne, Septrin. Waɗannan biyu, da fluconazole da mata ke sha domin ƙaiƙayi, suna ƙara wa warfarin ƙarfi ƙwarai, cikin 'yan kwanaki lamba ta yi sama. Rifampicin kuwa, wanda ke cikin maganin tarin tibi, rage masa ƙarfi ya ke yi. Sa'an nan ga magungunan ciwon jiki da manoma da leburori ke sha kamar gyaɗa: aspirin, ibuprofen, diclofenac, Feldene, har da garin Alabukun, wanda aspirin ne a cikinsa. Suna cin bangon ciki, in sun haɗu da warfarin jini na iya ɓallewa. Balle gaurayen ƙwayoyin nan da a ke ƙullawa a leda, waɗanda ko mai sayarwa bai san sunansu duka ba. In ciwo ya dami mutum, farasitamol shi ne mai dama dama, shi ma ba a yi kwanaki ana sha ba tare da sanin likita ba. Wani kuma yakan ce, tun da aspirin ma yana tsinka jini, ga shi da araha, bari ya koma masa. Aspirin ba ya tsare gudan jinin AF yadda ya kamata, ba madadin warfarin ba ne. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuwa ba wanda ya auna abin da ke cikinsu, a bar su.

Wanzami ma a gaya masa. Mai shan wannan magani ba a yi masa ƙaho, ba tsaga, ba sakiya. Cire haƙori sai a asibiti, bayan an faɗa musu. Allura a ɗuwawu ma tana iya tara jini a cikin tsoka. Kati ya zauna a aljihu kullum, musamman ga mai hawa babur.

In aka ga dasashi yana jini ba dalili, ko haɓo ya wuce minti goma bai tsaya ba, ko fitsari ya yi ja, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko amai da jini, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda ba a saba ba, a tafi asibiti a ranar. Haka in mutum ya faɗi ya bugu a kai, ko da ya tashi yana dariya. Akwai makarin warfarin, watau bitamin K ɗin nan, asibiti sun san yadda za su ba da shi. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shafe-shafe da turare. Mu mun ɓata rabin yini.

Wani zai ce, ba wani magani mai sauƙi da ya fi wannan? Akwai. Tun daga 2010 aka fara samun sababbi, dabigatran, rivaroxaban da apixaban. Ba su bukatar awon INR, ba ruwansu da miyar ganye, sai dai a riƙa duba ƙoda lokaci lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada. Amma sun fi warfarin tsada nesa ba kusa ba, kuma ƙarfinsu yana fita daga jiki cikin kamar kwana ɗaya, wanda ya tsallake sha ya zauna ba kāriya. Kuma ba kowa ya dace da su ba. A ƙasarmu da yawa daga masu AF ba tsofaffi ba ne, matasa ne, musamman mata, waɗanda ƙyauren zuciyarsu ya lalace tun suna yara. A 2022 wani bincike mai suna INVICTUS, a kan mutum fiye da 4,500 a ƙasashe 24, ya nuna cewa ga irin waɗannan, masu shan warfarin da danginsa sun fi masu shan rivaroxaban tsira da rai. Wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe a zuciya shi ma warfarin ne nasa. Kada dai wani ya sauya da kansa domin ɗansa ya aiko da sabon magani daga Abuja.

A matsayinmu na masu koyarwa ba za mu wuce wannan wuri ba sai mun faɗi inda lalacewar ƙyauren ke farawa. Ciwon maƙogwaro ne mai zazzaɓi, irin wanda ke kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, muna ganinsu a aji suna haɗiye yawu da ƙyar. In ƙwayar cuta ce ta kawo shi, ba a kuwa ba da penisilin ba, wani yaron bayan makonni gaɓoɓinsa su kumbura, zuciya ta taɓu, abin bai fito fili ba sai ya girma. A kai yaro asibiti, ba wurin mai cire beli ba.

Matan aure masu shan warfarin kuma su sani yana iya lahanta ɗan tayi, musamman a watannin fari. Wadda ke son haihuwa ta faɗa wa likita tun ba ta ɗauki ciki ba, wadda kuma ta ga batan wata ta je a makon, kada ta bar maganin da kanta ta zauna a gida. Akwai allurar da a kan sauya mata. Shayarwa kam ba laifi.

Akwai kuma maganar da ta shafe mu cikin ikkilisiya. Mun sha jin mai ba da shaida ya ce an yi masa addu'a, bugun zuciyarsa ya daidaita, ya zubar da magani. Ba mu musun jinƙan Allah. Amma wannan ciwo halinsa ke nan, yakan zo ya tafi, ya yi makonni shiru sa'an nan ya dawo, wani lokaci cikin barci, mai shi bai sani ba. Haɗarin gudan jini yana nan ko a kwanakin shirun. Wanda ya gaskata ya warke ya koma wurin likitan da ya rubuta maganin, a sa masa na'ura, likita ya faɗi abin da ya gani. Ga masu azumi kuma, warfarin sau ɗaya ne a yini, a tsai da lokacinsa da yamma. In an manta aka tuna a ranar, a sha. In har gari ya waye, a bar na jiya, a sha na yau kaɗai, a rubuta a faɗa ran awo. Ba a haɗa biyu.

Kawu yana gida yanzu. Yana takawa da sanda, magana tana dawowa kaɗan kaɗan, hannun dama dai har yanzu bai riƙe cokali ba. Bayan an yi hoton kansa, likita ya jira 'yan kwanaki kāna ya mai da shi kan warfarin. Mu 'ya'yan 'yan'uwansa uku muka raba nauyin: ɗaya kuɗin ƙwaya, ɗaya kuɗin awo, ɗaya mota. In ƙwaya ta rage bakwai a kwali, a sayo wata. Jikansa ɗan aji biyar shi ke miƙa masa bayan tuwon dare, ya ja layi a kalandar da ke bangon ɗaki, matarsa kuma ta ɗauki alkawari ba mai sayen komai a kemis sai an nuna katin. Awonsa na ƙarshe 2.4 ya nuna. Na gaba ranar Talata ta biyu ce a watan gobe, mu ne da kai shi, mun riga mun roƙi hedimasta ya ba wani ajinmu na safiyar ran nan.